Ranar da Gangar Dumit Ta Yi Huci

Yayana Dumit shekara arba'in da ɗaya ya yi yana sassaƙa dutse. Idan ka hau hanyar da ta taso daga garin Batrun na bakin teku zuwa ƙauyenmu, duk ƙofar da ka gani da baka na farin dutse a samanta, to hannunsa ne, ko hannun wanda ya koya wa. Aikin ya bar masa kafaɗu irin na bijimi da tafin hannun da ba ya jin zafin tukunya, ya kuma tafi da kunnensa na hagu gaba ɗaya da rabin na dama. Shi dai bai taɓa yarda ba. A wurinsa mutanen yanzu ne ba sa buɗe baki in suna magana. Ɗansa Ramiz ya aiko masa da na'urar ji daga Kanada, ya juya ta a hannu, ya ce kamar ƙwaro, ya jefa a aljihun tebur tare da tsofaffin mabuɗai.

Gida ɗaya muke. Ni Warde ina sama tun da na bar koyarwa, shi da matarsa Nuhad suna tsakiya, can ƙasa kuma akwai ɗakin da kakanmu ya haƙa cikin dutse, inda Nuhad take jera tulunan mai da zaitun da kwalaben abincin hunturu. Ɗakin nan nata ne. Ko ni sai na yi sallama.

Da gwiwa ta hana Dumit hawa gini sai ya rasa inda zai sa kansa. Ya gwada kiwon zuma, ƙudan suka gudu. Ya gyara katangar lambu har sau biyu alhali ba abin da ya same ta. Nuhad ta kira Ramiz ta ce ya zo ya ɗauki ubansa ko na wata ɗaya ne, kafin ya rushe gidan ya sake ginawa. Haka Dumit ya tafi Kanada, a can ne kuma wani maƙwabcin Ramiz ya shigar da shi garejinsa, ya nuna masa yadda yake dafa giyarsa da kansa. Yayana ya dawo da akwati biyu. Ɗaya kayansa ne, ɗayan kuma tsiron sha'ir ne, da busasshen furen nan mai ɗaci da ake sa wa giya, da yis, da tiyo-tiyo. Tsarabata ita ce ma'aunin zafi, wanda ya ara washegari bai dawo da shi ba.

A ƙauyenmu namiji araƙ yake dafawa. Kowane gida da inabinsa da tukunyarsa ta jan ƙarfe, kowa kuma ya rantse barasarsa ta fi ta kowa. Giya abin 'yan bakin teku ce masu gajeren wando. Wanda ya fi kowa faɗin haka shi ne Mu'allim Jabbur mai faci, abokin Dumit tun suna makaranta, wanda shagonsa yake kallon ƙofarmu.

"Abu Ramiz," in ji shi ga Dumit, wato uban Ramiz, yana ɗaga murya don ya ji, "ubanka na kwance a bayan coci. In ya ji kana jiƙa abincin jakuna kana sha, sai ya taso."

"In ya taso zan ba shi kofi ɗaya," in ji Dumit. "Kai kuwa ko ƙanshi."

Dahuwar farko a kwalabe ya ɗura. Sati biyu bayan haka, muna cin abincin rana, muka ji ƙara daga ƙasa kamar ana harbin tsuntsaye. Kwalba tara ta fashe, ta tafi da kwalba huɗu na yalon Nuhad da ta jiƙa a mai. Dumit bai ji komai ba, yana ta cin wakensa. Da yamma Nuhad ta kafa doka: kwalbar giya ba ta sake kwana a gidanta.

Don haka ya tafi Tarabulus wurin masu gwangwan, ya dawo rungume da wata 'yar ganga ta ƙarfe, siririya, tsawonta zuwa cinya, irin wadda a da ake zuba ruwan lemo a cikinta a gidajen abinci. Lita goma sha tara take ci. A samanta akwai murfi mai hannu da bakuna biyu, ɗaya na shigar iska, ɗaya na fitar giya. Ya samo silindar iskar da ke sa lemo ya yi kumfa a shagon masu cika na'urar kashe gobara, ya ɗaura mata agogon awon iska mai allura biyu. Kwana uku yana wanke gangar, har lokacin tana ƙanshin lemon da aka daina sayarwa tun ina budurwa.

Saura kwana goma idin waliyyi Mar Iliyas ya juye giyarsa a ciki. Ya rufe murfi, ya haɗa tiyo, ya buɗe iska, ya tura gangar bayan tulunan mai inda ya fi sanyi. Sannan ya sa rigarsa mai kyau ya bi gida gida yana gayyata. Ranar idi bayan an fito daga coci, kowa ya zo ƙarƙashin inabinmu, za a ga giya na fitowa daga famfo kamar a Turai. Har wanzami ya gayyata, har matar da ke kawo mana madara.

Washegari da hantsi ya tafi aski. Ina shanya sai na ga Nuhad ta hauro da gudu, takalmi ƙafa ɗaya, kwanon zaitun a hannu babu zaitun.

"Warde, sauko. Maciji."

"A ina?"

"Bayan tulunan mai. Yana huci. Babba ne, wallahi daga jin muryarsa."

Na sauka na tsaya a bakin ƙofa. Lallai kuwa. Daga cikin duhun nan wani siririn sauti yake fitowa, ssss, ba ya ƙaruwa ba ya raguwa. Muka ja ƙofa muka rufe, muka ƙwala wa Jabbur kira. Ya tsallako da shebur. Abuna Mikhayil, limamin cocinmu, yana wucewa da ledar burodi, ya ga shebur ya biyo baya, don shi ba a yin abu a ƙauyen nan babu shi. Ya karɓi tsintsiyata ya riƙe ta kamar mashi.

"Ku tsaya bayana," in ji Jabbur.

"Da ma can muke," in ji Abuna.

Jabbur ya shiga da sanɗa, shebur a sama. Taku uku ya yi ya tsaya. Ya karkata kai. Ya daɗe a haka har na fara tunanin ko macijin ya kama idonsa ne. Can ya sauke shebur ya jingina da bango.

"Imm Ramiz," ya ce wa Nuhad, wato uwar Ramiz, "tun yaushe kike jin sa?"

"Ya kai rabin awa."

"To macijinki bai ja numfashi ba ko sau ɗaya. Fitarwa kawai yake yi." Ya kewaya bayan tuluna, muka ji yana jan wani abu a ƙasa, sai ga shi da ganga. "Shekara arba'in ina jin wannan kukan. Wannan ba maciji ba ne, tayar mijinki ce ta sace."

Abuna ya zauna a kan matakala yana dariya har burodinsa ya zube. Nuhad ba ta yi dariya ba sai da ta sami ɗayan takalminta.

A haka Dumit ya same mu, yana ƙanshin turaren wanzami. Aka gaya masa. Ya durƙusa ya manna kunnensa mai ɗan sauran rai a jikin ganga, ya saurara, ya miƙe.

"Ba abin da take yi. Shiru take kamar kabari."

"Dubi agogonka," in ji Jabbur.

Allurar silinda, wadda jiya take tsaye a tsakiya, ta kwanta a kan ja. Iskar da aka ce masa za ta kai shi wata uku ta tafi a yini ɗaya.

Jabbur ya ce a ba shi minti goma da ruwan sabulu. Dumit ya ce ba ya neman taimakon mai dafa araƙ, ya je ya ji da tayoyinsa. Ya ɗauki silinda ya gangara Batrun ya ciko, ya dawo ya ɗauko sifana. Yayana abu ɗaya ya sani game da abin da ya ƙi zama: a ƙara masa ƙarfi. Ya bi kowane noti ya ɗaure shi da hannun da ya saba da dutse, har wani ɗan farin wosha da ke bakin tiyo ya ce ƙas ya rabe biyu. Yanzu huci ya zama biyu, ɗaya siriri ɗaya mai kauri. Ni da Nuhad muna ji daga tsakar gida. Shi kuwa ya fito yana goge hannu, ya ce an gama.

"Yaya, har yanzu tana yi," na ce.

"Me?"

"Tana yi. Ta ma sami ƙanwa."

Ya rufe iska ya koma ciki.

Kashegari ni da Nuhad muna zaune a kicin muna tsince ganyen faski. Dumit ya shigo neman ruwa. Nuhad tana da wata al'ada da duk gidan muka sani ban da shi. Takan dube shi da murmushi mai daɗi, ta faɗi abin da ke ranta da ƙaramar murya, shi kuma ya ga murmushin ya mayar mata. To ranar ma ta ɗago ta yi masa murmushi ta ce, "Ga jakin dutse nan ya shigo."

Dumit ya tsaya da kofi a hannu.

"Jakin wa?"

Sai a lokacin muka lura da ɗan abin da ke maƙale a bayan kunnensa. Ya tono na'urar Ramiz daga cikin mabuɗai don ya ji hucin gangarsa.

Nuhad ta zama ja tun daga wuya. Ni kuwa na sa fuskata cikin faski.

"Shekara nawa kina faɗa?" ya tambaya.

"Tun da kunnen ya tafi."

"Sha biyar ke nan. Ni kuma ina ta yi miki murmushi."

"Kana yi. Yana yi maka kyau."

Ya ja kujera ya zauna. Na ɗauka faɗa za a yi. Sai kafaɗunsa suka fara rawa, ya kifa kai a tebur yana dariya har kofin ya faɗi. Da ya samu numfashi ya ce, "Me kuma kike cewa?"

"Ba duka ne zagi ba, Yaya," na ce. "In ka yi barci a kujera takan tsaya a kanka ta ce..."

"Warde, tsinci faskinki," in ji Nuhad.

Yinin ranar yawo ya yi ta yi a gida kamar baƙo. Ya tsaya gaban firji ya ce ashe kuka yake yi. Ya ce wa ya bar famfon banɗaki yana ɗiga, muka ce shekara shida ke nan. Ya fita lambu ya dawo ya ce tsuntsayen nan ba su da aikin yi ne? Sannan ya sauka ɗakin ƙasa ya buɗe iska, ya ji abin da kowa ya riga shi ji, ya hauro ya tsaya a bakin ƙofa yana kallon shagon da ke tsallake. Can ya ɗaga murya.

"Mu'allim Jabbur."

"Na'am, mai giyar Turai."

"Kawo sabulunka."

"Ban ji ba. Kunnena ne, ka san tsufa."

Sai da ya sa shi ya faɗa sau uku.

Aka fito da ganga bakin ƙofar ɗakin ƙasa inda haske yake, domin Ramiz, da aka kira shi a waya, ya ce kada su zauna da iskar nan a rufaffen ɗaki. Aka jingina wayar da tulu yana kallonmu daga kicin ɗinsa, da kofin shayi, bai gama farkawa ba. Abuna Mikhayil ya zo, ya ce wucewa yake yi. Nuhad ta kankare sabulun zaitun a kwano ta kaɗa da ruwa. Jabbur ya fara canza woshan da Dumit ya fasa, ya ɗaure shi da yatsu biyu da ɗan juyi kaɗan na sifana, yana kallon yayana.

"Ka gani? Haka ake yi. Ba kabarin surukarka kake rufewa ba."

Ya tsoma burushin aski a kumfa ya bi hanyar iska tun daga bakin silinda, yana shafawa yana jira. Wurin agogo shiru. Bakin tiyo shiru. Da ya zagaya gefen murfi sai kumfa ta fara tashi, ƙanana da farko, sannan wata ƙatuwa ta kumbura kamar balan-balan, ta yi launi bakwai a rana, ta fashe a hancin Abuna.

"Ga macijin," in ji Jabbur.

Suka saki iska suka buɗe murfi. Zoben robar da ke kewaye da shi ya bushe ya tsattsage kamar diddigen manomi.

"Baba," in ji Ramiz daga waya, "ai na sa maka sababbin robobi a akwati. Leda guda, baƙaƙe, manya da ƙanana. Na ce maka in ka sayi tsohuwar ganga ka canza su duka."

"Ba ka ce ba."

"Na ce. A filin jirgi. Ka yi min murmushi."

Dumit ya ce bai ga wata leda ba. Na lura Nuhad ta dage da goge kwanon da ba shi da datti.

"Imm Ramiz," in ji Abuna a hankali, da muryar da yake karɓar tuba, "akwai abin da kike so ki faɗa mana?"

Ta shiga ɗakin ƙasa ta fito da babbar kwalbar ganyen inabi. An rufe bakinta da leda, an ɗaure da baƙin zoben roba, sabo fil. Ta koma ta fito da wata, ta fito da wata. Ƙananan robobin kuma suna wuyan kwalaben ruwan fure.

"Na ɗauka tsarabata ce," ta ce. "Da ma ban ga wata ba."

Ramiz ya ɓace daga wayar, sai silin ɗin kicin ɗinsa muke gani muna jin yana sheƙa dariya.

Aka wanke sabon zobe aka sa, aka mayar da murfi, Dumit ya buɗe iska kaɗan kamar yadda ya saba. Jabbur ya shafa kumfa. Ta sake tashi, ƙanana, a gefe ɗaya. Yayana ya ɓata fuska.

"Kada ka yi kuka," in ji Jabbur. "Murfin nan daga ciki yake zama, iska ce ke tura shi sama. Kamar tayar da ba ta da tub ce. In ka ba ta iska kaɗan-kaɗan sai ta yi ta zubarwa har gobe. Sai ka ɗura mata da yawa lokaci guda ta kama baki. Ja hannun murfin sama, ka riƙe. Abuna, murɗa wancan har allura ta kai talatin."

"Ni?"

"Kai ka fi mu kusa da Allah in ta fashe."

Abuna ya yi alamar gicciye ya murɗa. Ganga ta yi wani nishi, murfi ya ce ɗas. Jabbur ya shafa kumfa ta kwanta lamo, ko ɗigo ba ta motsa ba. Muka tafa. Dumit ya sumbaci Jabbur a goshi, Jabbur ya goge da hannun riga.

Da an tsaya nan da an rabu lafiya. Amma yanzu yayana yana da kunne. Ya ɗaga hannu ya ce kowa ya yi shiru. Ya sunkuya. Ya ce akwai wani ƙaramin sauti, kamar sauro. Mu ba mu ji komai ba. Ya bi shi da kunne har bakin da giya ke fita, inda ba a riga an haɗa famfo ba. A tsakiyar bakin akwai ɗan bawul kamar kan ƙusa, a gefensa kuma wani ɗigon giya yana tsatsowa yana 'yar kumfa.

"Bai zauna daidai ba," in ji Dumit. "Bari in ɗan taɓa shi."

Daga waya Ramiz ya ce, "Baba, kada ka..."

Ya riga ya danna da babban yatsa.

Ban san giya na iya tashi haka ba. Ta fito siririya, miƙe, ta wuce kan Dumit, ta bugi bakan dutsen da shi da kansa ya gyara a saman ƙofar, ta dawo mana kamar ruwan sama. Bawul ɗin kuma ya maƙale a buɗe. Dumit ya ɗora tafin hannu a kai, sai ta rabu ta ko'ina, ta sami Abuna a gemu, ta sami Jabbur a kunne, ta wanke wayar da Ramiz yake ciki. Nuhad ta kifa kwanon sabulu a kai, kwanon ya tashi. Ni na ruga na ɗauko tukunya, ban san me zan yi da ita ba, na tsaya ina tarar abin da ke saukowa daga sama. Jabbur yana ihu a rufe iska, Abuna yana murɗawa ta inda ba nan ba. Kajin maƙwabta suka shigo. A ƙarshe Jabbur ne ya ja ɗan zoben da ke kan murfi, iska ta fita da ƙara, ruwan ya sauko a hankali ya koma tsiyaya ya tsaya.

Muka tsaya muna ɗiga. Abuna Mikhayil ya lashi gashin bakinsa. Ya sake lasa.

"Abu Ramiz," ya ce, "ka san ba ta da laifi?"

Wannan ne yabo na farko da giyar yayana ta samu, kuma har yau yana faɗa.

Da aka kwance bakin, abin da ya hana bawul zama wani ɗan ɓallen furen nan ne mai ɗaci, bai kai ƙwayar shinkafa ba. Aka wanke, aka sa sabuwar roba daga wuyan kwalbar ruwan fure, aka ɗaure. Jabbur ya ce saura gwaji na ƙarshe: a cika iska, a rufe silinda, a sa wa allura ido. In ta sauka, akwai sauran ɓaraka. In ta tsaya, an gama. Dumit ya yi wa gilashin agogo alama da janbakin Nuhad. Muka jera kujeru a gaban ganga, da rigunanmu masu ɗanƙo, Nuhad ta kawo kofi da 'ya'yan ɓaure, muka zauna kamar masu jinya. Duk wanda ya wuce a hanya sai ya leƙo ya tambayi jikin mai jiki. Har rana ta karkata allura ba ta gusa daga janbaki ba.

Ranar idi mutum talatin da shida suka zo, ni na ƙirga faranti. Giyar da ta rage ba ta fi lita goma sha biyu ba. Tun da safe Dumit ya tsoma ganga a kwamin ruwan marmaro da ke bayan gida don ta yi sanyi, ya kafa kujera kusa da ita kamar mai gadi. Da aka jera kibbe, wato curin nama da alkama, da gasasshen nama a ƙarƙashin inabi, ya tashi ya yi jawabi wanda ba wanda ya roƙe shi, ya riƙe kofi ya matsa famfo. Kumfa ce ta fito, fara tas, har baki. Kofi na biyu ma haka. Tsofaffin da ke gefe suka fara gyara zama da jin daɗi. Jabbur ya taso ya rage iska, ya saki kaɗan ta murfi, ya karkata kofin a hannun Dumit ya ce ya matsa famfon har ƙarshe, ya daina yi masa rowa. Kofi na uku ya fito launin ruwan zuma, garau, da farar hular kumfa yatsa biyu.

Kowa ya sami rabin kofi. Wanzami ya ce tana da ɗaci. Matar madara ta ce ɗacin ne daɗinta, ta miƙo kofi a ƙara. Wani tsoho ɗan shekara tamanin da tara ya kurɓa ya daɗe yana juya ta a baki, ya ce ba laifi ga wanda likita ya hana araƙ. Jabbur ya shanye nasa a tsaye, ya ce shi bai ji komai ba sai sabulun Imm Ramiz, sannan na gan shi a bayan gida yana karkata gangar don ya tatse na ƙarshe. Dumit kuwa ko kurɓa bai samu ba. Bai ma lura ba. Yana ta zagaya teburi da na'urarsa a kunne, yana sunkuyawa bayan mutane yana jin abin da suke cewa.

Bana shekararsa saba'in da ɗaya. Ya ƙara sayo ganga biyu, kuma duk ƙauyukan da ke kewaye, wanda ya fara wannan sana'a ya ji huci, wurinsa yake zuwa. Yakan ɗauki burushin aski da kwano ya tafi, ya yi musu bayani kamar shi ya ƙirƙiro, Jabbur na zaune a mota yana gyara masa ta taga. Ganga ta uku dai ba tasa ba ce. Ranar da ya kawo ta, Nuhad ta zagaya ta sau ɗaya, ta tambaya ko iskar nan tana shiga kowane irin ruwa. Ya ce tana shiga. Ta sa ya wanke mata ita, ta cika ta da ruwan 'ya'yan itacen tut ɗin da take dafawa duk bazara, ja wur, mai sanyi da kumfa. Ranar Lahadi bayan coci layi biyu ake yi a tsakar gidanmu, nata ya fi tsawo, kuma Abuna Mikhayil yana bin duka biyun.